Tambaya da Amsa: Digirin Dakta a Fannin CFD

Tambaya: Na kammala digiri na biyu a injiniyancin kanikanci. Ina son yin digirin dakta a CFD, wato kwaikwayon tafiyar ruwa da iska a kwamfuta. Ta ina zan fara? — Mai karatu daga Zariya

Amsa: Malam, kafin takardar neman gurbi, nuna aikin hannunka. Rubuta ƙaramar manhaja da Python wadda za ta warware lissafin Navier-Stokes (lissafin da ke bayyana motsin ruwa da iska) na ruwa cikin akwati mai murfi mai zamewa, a lambar Reynolds 100 (lambar da ke auna ƙarfin gudun ruwa a kan kaurinsa), ka gwada da sakamakon da masani Ghia da abokan aikinsa suka wallafa kan wannan matsala a 1982. In lambobin suka haukace, galibi tazarar lokaci tsakanin matakan lissafin ce ta yi yawa; a tsarin kai-tsaye (explicit) riƙe lambar Courant ƙasa da 1, wato kada ruwa ya tsallake fiye da gida ɗaya na ragar da aka raba akwatin da ita a mataki ɗaya. Sannan ka ninka ƙananan gidajen ragar. In amsar ta sauya sosai, ragar farko ba ta isa ba, komai kyan launin hoton.

Daga nan koyi Linux da manhajar CFD ta OpenFOAM, duka kyauta ne.

A Holan gurbin dakta aiki ne mai albashi, na shekara 4; a Jamus ma da yawa haka suke. Duba kuma tallafin DAAD (hukumar musayar ilimi ta Jamus) da PTDF (asusun bunƙasa fasahar man fetur na Najeriya). Rubuta wa farfesa gajeren saƙo, ka haɗa da adireshin aikinka na GitHub, shafin da ake ajiye manhajoji a intanet.