Ganye ya yi saiwa amma ya ƙi tsiro: amsa ga Hajiya

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce kin tsoma ganyen fulawar roba a garin fitar da saiwa, saiwa ta fito jingim, amma watanni sun shuɗe babu sabon tsiro, kina tambaya ko ki ƙara garin. Kada ki ƙara, garin ya riga ya gama nasa aikin.

Abin da ke cikin irin wannan gari sinadari ne dangin oksin, wato sinadarin girma na shuka, yawanci za ki ga an rubuta IBA ko NAA a jikin mazubin garin. Tun a 1935 masu bincike a Amurka suka nuna cewa waɗannan biyun suna sa yankakken reshe ya fitar da saiwa. To, saiwa kawai. Fitar da toho aikin wani sinadarin ne daban, saitokinin, kuma idan oksin ya yi yawa ma danne tohon yake yi. Shi reshe da idonsa yake zuwa, saiwa kaɗai yake nema. Ganye kuwa sai ya ƙirƙiro duka biyun, kuma ba kowace shuka Allah Ya ba wannan baiwar ba. Roba ba ta ciki. Haka Hoya, mai ganye kamar zuciya: ana sayar da ganye guda a ɗan tukunya, ya shekara shar da shi, bai ƙara komai ba. Alobera kuma ruɓewa take yi, 'ya'yan gindinta ake cirewa.

Cikin masu tsirowa daga ganye, wadda na fi sabawa da ita ita ce sansabiriya, dangin moɗa. Ina yanka ganyen gunduwa-gunduwa kamar tsawon yatsa da reza mai tsabta, in yi ɗan tsagi a ƙasan kowace gunduwa don in gane gindinta, domin in aka kifa ta kai ƙasa ba za ta kama ba ko da an zuba mata gari nawa. Sai in bar su a inuwa kwana biyu bakin yankan ya bushe. Amma fa ki sani, mai ratsin ɗorawa a gefe in ta tsiro daga ganye kore zalla take fitowa. Mai son ratsin sai ya raba gindi. Begoniya mai faffaɗan ganye kuma kifa ganyen ake yi, a yanyanka manyan jijiyoyin bayansa, a juyo shi a shimfiɗa bayansa kan ƙasa mai danshi a danne da tsakuwa, kowane yanka ya ba ki jaririyar shuka. Peperomiya da bayolet ɗin Afirka, wadda asalinta daga duwatsun Tanzaniya ne, da ɗan karan ganyen ake dasa su. Gaskiya duk waɗannan suna kamawa ko babu gari. Amfaninsa shi ne saurin fitowar saiwa kafin ruɓa ta riga ta.

In za ki saya, ki duba ƙarfinsa. Akwai mai kashi 0.1 cikin ɗari, da 0.3, da 0.8. Na farkon shi ne na ganye, na ƙarshen na itace mai tauri ne, ƙona bakin ganye yake yi ya baƙanta. Ki zuba kaɗan a murfi, ki dangwala, ki karkaɗe har sai ya zama kamar ƙura. Ki fara huda rami da tsinke don kada ƙasa ta goge garin. Ragowar murfin a zubar. Zuma da girfa da ake ta yaɗawa ba sinadarin saiwa ba ne, iyakarsu su ɗan kare yanka daga ƙwayoyin cuta.

Abin da ya fi kashe ganye a wajenmu ruwa ne da zafi. Don haka ki dasa a yashin rafi da aka wanke, da ɗan dakakken gawayi, ban da taki. Farkon damina ya fi. A hunturu ki rufa wa begoniya farar leda mai huji, ban da sansabiriya, ita danshi ne makashinta.

Robarki kuma ki koma jikin uwar, ki yanko ganye haɗe da gaɓar karan da idon yake, ki wanke farin ƙaron nan, sannan ki dangwala a gari ki dasa, idon yana daidai saman ƙasa.