Ɗakin baƙo mai biya ba ɗakin amarya ba ne

Toh ɗana na ga saƙonka. Ka ce Hajiyar nan ta layinku tana da ɗaki guda a rufe tun da ɗanta ya yi aure ya tashi, tana so a gyara mata ta riƙa saukar da baƙi masu biya, irin ƴan kasuwar da ke zuwa sari Kantin Kwari da masu jinya a asibitin Malam Aminu Kano, kai kuma har ka fara lissafin POP da fitila mai ƙyalƙyali kana tambayata wane kalar fenti zai fi ɗaukar ido. Ajiye maganar kala tukuna. Mutumin da ya wuni a tsaye cikin Kwari yana ciniki, ko wanda ya kwana biyu a kan benci yana jinyar mahaifiyarsa, barci ya zo saya a wurin Hajiya, ba kallon silin ba. Ana cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, gaskiya ne, amma wanda ya ciro kuɗi daga aljihunsa tabarmar ma sai ya duba ta.

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, nemi izinin Hajiya ka shiga ɗakin nan bayan azahar ka zauna awa guda, sannan ka dawo da dare ka kwana. Da gaske nake. Duk abin da ya hana ka runtsawa, can kuɗinta zai fara tafiya.

Fara da ƙofa, don ita ce ke kashe irin wannan harka tun ba a je ko'ina ba. In baƙo sai ya ratsa tsakar gida kafin ya kai ɗakinsa to an takura shi an takura matan gida, shi yana ta sallama yana jiran a kimtsa, su kuma ba su da sakewar zama a gidansu, wata ɗaya ba za a yi ba Hajiya da kanta za ta ce ta fasa. Fatomomin da, masu saukar da fatake, ai ba a cikin gida suke ajiye baƙi ba, shago ne na waje kusa da zaure. In da hali a fasa ƙofa ta ɓangaren zaure a toshe ta ciki, in babu hali a ja ɗan gini ko langalanga a raba hanya. Ka sa sakata mai ƙarfi ta ciki, makulli kuma sabo, ba wanda yaran gida ke da irinsa ba, domin ɗan kasuwa da kuɗi yake kwana. Banɗaki ma nasa daban, ko ƙarami ne, kuma ka gaya wa mai aikin famfo kada ya kafa masai yana fuskantar alƙibla.

Sai zafi. Ka san Kano daga Maris zuwa Mayu, digiri 40 ake kaiwa har a wuce, in ɗakin bangon yamma ne da shi to rana ta gama gasa shi tun la'asar, har tsakar dare bangon na fitar da hucin. Nan ne silin ke da amfani, ba don ado ba, don ya tare zafin kwano. In taga ɗaya ce a ƙara ta biyu a ɗaya bangon iska ta samu hanyar fita. Kar ka bari a ruɗe ka da AC, in wuta ta ɗauke ƙarfe ne kawai a bango. Fanka mai caji ko ta sola da ƙwan fitila mai caji sun fi masa amfani sau goma. Raga a kowace taga, ka kuma duƙa ka leƙa ƙasan ƙofa, ta nan ma sauro ke shigowa ana ta zargin taga. Ƙugiya huɗu a sama don gidan sauro saboda damina, labule mai kauri da bargo saboda ƙura da sanyin hunturu.

Gado kuwa nan ne aikinka na gaske. Kar ka yi 6 by 6, ya cinye ɗaki, mai faɗin ƙafa 4 da rabi ya isa, mutum na buƙatar filin shimfiɗa darduma da inda zai jingine dilar atamfarsa. Katako ya zama busasshe, ka zauna a kai ka jijjiga, in ya yi ƙara ka sake ɗaure shi. Allon kai mai soso da yadi ɗin nan da kuke so ku yaran yanzu, kar na gan shi, gidan kuɗin cizo ne, kuma ɗakin da mutum goma za su kwana a wata dole wata rana wani ya shigo da su cikin jaka. Katako zalla, ka cike duk wani rami da tsaga ka shafe da banish, ka ɗan janye gadon daga bango. Katifa mai tauri, a sa mata riga da ake cirewa a wanke. Zanin gado fari, aƙalla saiti biyu, na san Hajiya za ta ce fari na nuna datti, to ai dalilin ke nan, baƙo na gani ya san an wanke.

Soket ya zo daidai kan gado, kada mutum ya bar wayarsa can bakin ƙofa. Ka ajiye adafta guda, mutanen Maraɗi da Damagaram cajarsu mai baki biyu zagayayye ce, tamu kuma mai uku ce. Buta, bokiti, silifas na banɗaki, ƴar alama a bango mai nuna alƙibla.

Yanzu kalar da ka tambaya. Fentin emalshon, ruwan madara ko fari, ka bar tagogi a buɗe sati guda warin ya fita kafin a sauki kowa, kar a ce za a danne shi da turaren wuta, wani baƙon mai asma ne. Ka kuma lallaɓi Hajiya ta kwashe kwallayenta da tsofaffin akwatunan da ta jibge a kan wadirof ɗin nan. Gobe ka auno min tsawo da faɗin ɗakin da inda tagar take, sai mu yanke katakon.