Amsa ga mai neman ƙaramar libarba domin ɗansa

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka cewa kana zaune a jihar Texas ta Amurka, ɗanka mai shekara 12 ya fara zuwa filin koyon harbi tare da kai, kuma kana so ka san wace ƙaramar libarba ta dace da shi. Na daɗe ina taimaka wa masu koyar da yara harbin saiti a nan ƙasar, don haka zan faɗa maka abin da idona ya gani.

Kafin maganar bindiga akwai maganar doka. A dokar tarayyar Amurka, dillali mai lasisi ba ya sayar da bindigar hannu ga wanda bai kai shekara 21 ba, kuma tun 1994 an haramta wa wanda bai kai 18 ba mallakarta, sai dai a ba shi na ɗan lokaci domin koyo ko atisaye ko farauta, da rubutaccen izinin iyaye. Ma'ana, bindigar taka ce, kai za ka saya, kai za ka ajiye, shi aro yake yi a gabanka. Ka kuma duba matsayin zamanka, domin mai katin zama na dindindin yana iya saye, amma wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara an hana shi riƙe bindiga sai da wasu sharuɗɗa ƙalilan. Jihohi suna da nasu ƙarin dokokin.

Game da harsashi, kada ka wuce .22 LR. Tun 1887 ake ƙera shi, ya fi kowane arha, kuma shurinsa a hannu kaɗan ne, wanda shi ne muhimmin abu ga mai koyo. Yaron da aka fara da bindiga mai ƙara da shuri yakan koyi rintse ido da zabura kafin harbin ya tashi, kuma fitar da wannan ɗabi'a daga jikinsa ya fi koyar da shi tun farko wuya. Ko .22 Magnum ban yarda da shi ga ɗan shekara 12 ba, saboda ƙararsa. Amma kada ƙanƙantar .22 ta ruɗe ku: yana kisa, kuma yana iya tafiyar fiye da kilomita 2, kamar yadda gargaɗin da ke jikin kwalinsa yake nunawa.

Inda iyaye da yawa suke kuskure shi ne wajen kunama. Libarba iri biyu ce. Akwai wadda sai ka ɗana gudumarta da babban yatsa kafin kowane harbi, akwai kuma wadda jan kunama kaɗai yake ɗaga gudumar ya sake ta. Harsashin .22 a gefen gindinsa ake bugunsa kafin ya tashi, saboda haka dole gudumar ta sauka da ƙarfi, dole kuma a sa mata sifirin mai tauri. Wannan ne ya sa kunamar iri na biyu take da nauyin ja ƙwarai. Na tsaya bayan wata yarinya da mahaifinta ya sayo mata irin wannan, ina kallon yatsanta ya yi fari saboda matsawa, bakin bindigar yana karkarwa yana sunkuyawa hagu, har sai da ta kawo yatsan ɗaya hannun ta haɗa. Ba ta sami takardar da ake saita harbi a kai ba, kuma abin da ya fi damuna, hankalinta duk ya koma kan kokawa da kunama, ta manta inda bakin bindigar yake kallo. Da aka ba ta wadda ake ɗanawa da yatsa, a ranar ta fara tara harbi wuri guda.

Saboda haka zaɓina ga ɗanka shi ne Ruger Bearcat. An fara fitar da ita a 1958, tana cin harsashi 6, nauyinta kamar giram 680, kuma ƙotarta siririya ce da ke zama daidai a tafin yaro. Ana ɗura mata harsashi ɗaya bayan ɗaya ta wata 'yar ƙofa a gefen dama, a kuma fitar da kwanson ɗaya bayan ɗaya da ɗan sanda. Wasu suna ganin wannan jinkirin aibi ne, ni kuwa a wurina shi ne babbar fa'idarta, domin yaro yana ƙirga abin da ya zuba da hannunsa, yana ganin kowane rami ko cike yake ko babu kome, kuma babu yadda za a yi harbi na biyu ya kufce masa don firgita. Ka tabbata sabon ƙirar ka saya, mai ƙarfen tsaro tsakanin guduma da allurar da ke bugun harsashi, wanda yake hana ta tashi idan ta faɗi ƙasa. Tsofaffin da ake samu a hannun 'yan gwanjo ba duka ke da shi ba.

Idan kuɗin Bearcat ya yi yawa, Ruger Wrangler da ta fito a 2019 ta fi ta arha nesa, tana da wannan ƙarfen tsaro, sai dai ta kai giram 850 kuma ƙotarta ta fi kauri. Smith & Wesson 617 bindiga ce mai kyau amma ta haura kilo 1, hannun yaro zai gaji kafin ya gama saiti. Ita kuwa 317 ta wannan kamfanin ta yi rashin nauyi da yawa, ba ta tsayawa cik a hannun mai koyo. Duk wannan bai kai ku je shago tare ba. A tabbatar babu harsashi, ya riƙe, ka duba ko tsokar kan yatsansa ta isa kunama ba tare da ya murɗe hannu ba, ko babban yatsansa na iya ɗana guduma bakin bindigar bai kauce ba.

Akwai haɗari guda da ya keɓanta da libarba. Tsakanin gangar da ke juyawa da harsashi da bututun bindiga akwai 'yar tazara, kuma ta nan iska mai zafi da ɓurɓushin darma suke feshewa gefe a kowane harbi. Ka koya masa tun ranar farko cewa yatsa ba ya kaiwa gaban gangar nan, kuma ba a harbi sai da tabarau. Kunne ma a toshe shi da soso a ɗora abin rufewa a kai, domin ƙarar .22 a bindigar hannu tana haura desibel 140 a ma'aunin ƙara, inda harbi guda ma yake iya yi wa ji lahani nan take, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Filin da ke waje ya fi na cikin gini saboda ƙurar darma, wadda ta fi cutar da yara a kan manya. Ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci wani abu.

Ɗan'uwa, abin da zan roƙe ka da shi shi ne ajiya. Alƙaluman hukumar kula da cututtuka ta Amurka sun nuna cewa a 2020 bindiga ta zama kan gaba wajen mutuwar yara da matasa a ƙasar nan. Ka sayi akwatin ƙarfe mai makulli kafin ka sayi bindigar, harsashi ya kwana a wani wuri dabam, kuma kada ɗanka ya san lambar, duk natsuwarsa, domin yana da abokai kuma yana da ƙanne. Ka nemi shirin harbi na ƙungiyar matasa ta 4-H a gundumarku, suna da malamai masu horo, kuma za ka ga da bindigar iska suke fara yara da yawa. Idan kuma hutu ya kai ku gida Najeriya, a bar kome a nan, har kwanson da ya maƙale a aljihun jaka a zazzage shi, domin dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin haramtattun bindigogi da ba a riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa.