Kafin ki kai Mama Watkins Glen, ki ji abin da ya same ni

Wallahi 'yar'uwa, ina karanta tambayarki gwiwata ta fara zugi. Kin ce Mama ta zo daga gida, kina so ki kai ta Watkins Glen, wurin shaƙatawar nan na jihar New York a Amurka, kafin yara su koma makaranta, tana fama da gwiwa, amma maigidanki ya ce ai ɗan tattaki ne. Wannan ɗan tattakin shi aka ce min ni ma, a watan Yulin 2022.

Wurin kam yana da kyau, ba zan rage masa komai ba. Kwazazzabo ne da rafi ya yi ta ci har ya tsaga dutse, ruwa na zubowa daga sama a wurare 19. Akwai inda hanya ke bi ta bayan ruwan, yana sauka a gabanki kamar labule, feshinsa na dukan fuskarki. Sai da na tsaya na yi tasbihi a nan. Sai dai mil ɗaya da rabin da ake faɗa, matakala 832 ne a cikinsa, na dutse, yawancinsu a jiƙe, kuma in kin shiga ta ƙofar ƙasa hawa za ki yi ta yi har ƙafa 400.

Mijin ƙanwata ne ya kwashe mu, shi ya taɓa zuwa. Muka bar Bronx da ke birnin New York bayan asuba, awa kusan biyar a mota. Na fito da baƙar abaya mai jan ƙasa da silifas, shi kuwa ya ɗaure takalminsa mai igiya. Ya kalli ƙafata, bai ce uffan ba. Wannan shirun ne har yau ya tsaya min a rai. Ya tattara robobin ruwanmu duka ya zuba a jakar bayansa, wai don ya rage mana kaya, ya ja yara maza da kyamararsa suka yi gaba. Tun daga lanƙwasa ta biyu ban ƙara ganin ƙeyarsa ba.

Cikin kwazazzabon akwai sanyi, shi ne yaudarar, ba za ki ji ƙishi ba sai ya ci ƙarfinki. A ƙarshen hanya akwai wani hawa da suke kira Jacob's Ladder, wato tsanin Annabi Yakubu, matakala 180 a jere. Na ƙirga sittin da wani abu, lissafi ya ɓace. Bakin abayata ya sha ruwa da taɓo ya yi nauyi kamar bargo, igiyar silifas ɗaya ta tsinke, harshena ya manne da dasashi, kunnuwana na ƙara. Na zauna daɓas a kan matakala, mutane na raɓa ni suna wucewa. Na kira shi sau huɗu, wayata ba sabis. Ni da na haifi biyar, ina zaune ina hawaye gaban 'yata mai shekara tara, tana min fifita da gefen hijabinta tana cewa Umma ki tashi. Wata tsohuwar Baturiya mai sanda biyu, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ita ta tsuguna ta ba ni ruwanta da biskit mai gishiri, ta zauna da ni har idona ya washe.

Da na rarrafa na kai sama, ga malam a inuwa ya miƙe ƙafa, yana kurɓar ruwanmu yana duba hotuna. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Yaya, ai na ɗauka kin juya." Ko sannu babu. Ƙanwata kuma wai in yi haƙuri, halin maza ne. Na yi haƙurin, amma ko a sunan ɗansu bara gaisuwa ce kawai ta haɗa mu, kuma hoton da ya ɗauka ina saɓe da silifas a hannu har yanzu bai goge ba.

Don Allah ruwan kowa ya zauna a hannunsa. Kuma kada Mama ta ce sai ta ga ƙarshe. Ruwan farko da ake bi ta bayansa bai da nisa da ƙofar ƙasa, ko shi ma sai an taka matakala, ta gani ta yi hoto ku juyo tare, ke da kanki ki riƙe hannunta. Da rani akwai motar da ke jigila tsakanin ƙofofin, za a ce miki ku hau ta zuwa sama ku gangaro da ƙafa. Ga mai lafiya dabara ce, ga mai ciwon gwiwa kuwa gangara ta fi hawa azaba, ni kwana uku a zaune na yi salla. Ki saya mata takalmi mai kama ƙasa, ta sa wando da riga iya ƙwauri, ta bar zani a mota.

Banɗaki a bakin ƙofa yake, babu a cikin hanyar, ku yi alwala kafin ku shiga, azahar za ta same ku a can. Mu dala 10 muka biya kuɗin mota, kuma Asabar cika yake yi, in da hali ku je tsakiyar mako. Abinci ki dafa naki, ni dambun nama da ƙwai na riƙe, su ma suna cikin waccan jakar tasa.

In maigidan ya nace sai an kai ƙarshe, ki karɓi makullin mota, ya je shi kaɗai, ke da Mama ku gangara bakin tafkin Seneca da ke nan kusa ku jira shi a inuwa. Ki gaishe min da ita, Allah ya ƙara mata lafiya.