Tambayoyinku: da ido a haɗe suke, amma KiCad ya ce a'a

Wani ɗalibi daga Zariya mai amfani da KiCad, manhajar zana sakit ɗin lantarki da bod ɗinsa, ya rubuto: "Malam ina zana sakit ɗin furojet ɗina a KiCad, na ja waya har kan ƙafar resisto amma ERC (mai binciken kurakuran haɗin sakit a KiCad) na ce min ba su haɗu ba, ni kuma ina gani a haɗe suke."

Ƙanena an ce ido ba mudu ba ya san kima, to a nan bai sani ba. Ka taɓa giridi, wato ɗige-ɗigen da waya da kaya ke zama a kansu a filin zane, kar ma ka rantse min. Wannan abu na ci min tuwo a ƙwarya wallahi, kusan kowane wata sai wani ya kawo shi, mutum ya ga zane ya matse sai ya je ya mayar da giridi 10 mil ko ma milimita 1 wai don ya yi kyau, alhali ƙafafun alamomin KiCad a kan giridin 50 mil aka dasa su, wato milimita 1.27, kana kaucewa bakin wayarka zai tsaya gefen ƙafar da ɗan taƙi wanda sai ka zuƙo hoton sosai za ka gani. Kuma don Allah mil ba milimita ba ce! Mil ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na inci, milimita 0.0254, na sha ganin masu difloma suna cakuɗa su. Ka mayar da giridi 50 mil, ka zaɓe komai da Ctrl+A, ka danna dama a mawus ka nemi umarnin daidaita kaya a kan giridi, sannan ka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya don wasu za su karkace. Ƙaramin giridi na jera rubutu ne kawai, in ka gama ka dawo da giridi 50 mil tun kafin ka tashi shan shayi ka manta.

Daga Maraɗi: "Na jera komai a kan milimita 2.54 amma bod ɗina ya ƙi hawa Arduino Uno."

Ba laifinka ba ne wannan karon. A jikin Uno, wato ƙaramin bod ɗin nan da ake wa furogiram, tsakanin fin (ƙafa) na 7 da na 8 tazarar mil 160 ce, ba mil 100 (milimita 2.54) ba. Ɗauki samfurin Uno da ke cikin KiCad ka gina a kai. Kuma da ka buga zanen a takarda girma 1:1 ka ɗora kayan a kai kamar yadda nake ta faɗa, da kuɗinka na aljihu.

Wata 'yar'uwa daga Kano: "Ya zan matsar da abu ɗan kaɗan giridi bai fizge shi ba?"

Riƙe Ctrl kina ja. A wajen shimfiɗa bod kawai fa hajiya, ba a zanen sakit ba, kar ki zama ta Zariya ta biyu.