Amsa: Wa zai zama mugu a labarin fadama?

Malama, kin tambaya ko attajirin da ke saye fadama yana yanka ta fuloti-fuloti shi ya dace ya zama mugun labarinki na manoman bakin Gulbin Rima. A'a, kada ki ɗora masa laifin shi kaɗai. Ki shigar da rigimar cikin gida, tsakanin magada, don daga nan ake fara rabuwa da fadama.

Na ga haka da idona a danginmu, wajen Kwalkwalawa, kusa da Sakkwato. Bayan ambaliyar 2010 da ta cinye shinkafa, ƙanen mahaifina ya ce shi kam ya gaji, a ba shi kasonsa ya sayi babur. Wansa kuwa ya riga ya zuba irin albasa, yana jiran ruwa ya janye ya dasa. Dillali bai tilasta wa kowa ba, zama kawai ya yi kan tabarma yana jiran su gama musu. Bayan an sayar, ranar da tifa ta juye jar ƙasa a kan laka, tsohon da ya zuba irin albasar bai ce uffan ba, sai ya tsuguna yana murza ƙasar a tafin hannunsa, har yau abin yana sosa mini rai. Kuma ki tuna fadama ba ta manomi kaɗai ba ce. Masunci da gorarsa da komarsa, da Bafulatanin da ke sauko da shanu da rani, duk a nan suke ci, amma ranar ciniki ba wanda ya kira su, ba su kuma ga ko sisi ba.