Ina tara sojojin wasa, dangi sun ce na taɓu

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni magidanci ne a Kaduna, shekarata 46, ina da mata da 'ya'ya huɗu, 'yar autarsu ba ta cika shekara biyu ba. Tun da na je ƙaro karatu Ingila na fara sayen ƙananan sojojin wasa na dalma a kasuwar tsofaffin kaya, yanzu sun kai 300. Kakana ya je yaƙin Boma, shi ya sa nake yi wa wasunsu fenti da kayan sojan zamaninsu. Damuwata mutane ce. Abokai suna kirana kwamandan 'yan tsana. Surukata ta ce a kai ni ruƙiyya, wai aljanu ne suke zaunar da ni a gabansu har tsakar dare. Maiɗakina ba ta cewa komai, amma na san kunya take ji in an yi baƙi. Na fara ɓoye su, har ina tambayar kaina ko da gaske na taɓu. Yanzu saboda tsadar dala da kaina nake zuba sababbi, ina narka dalmar tsohon batir a murhun gawayi a tsakar gida, amma kullum ina shan madara in na gama saboda gubar. Likita, wannan ciwo ne? Kuma yaya zan yi da bakin mutane?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka. A duk abin da ka rubuta ban ga alamar taɓin hankali ba. Mu a asibiti ba ma auna lafiyar ƙwaƙwalwa da ko abin da mutum yake so ya yi wa maƙwabta daɗi. Muna duba ko ya hana shi zuwa aiki, ko ya cinye kuɗin cefane da na makarantar yara, ko ya jefa shi bashi yana ɓoyewa, ko ya raba shi da salla da zumunci. Akwai ciwon tara tarkace, wanda likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka ware shi a matsayin cuta mai zaman kanta a 2013. Mai shi ba ya zaɓe, ba ya tsarawa, ba ya iya zubar da ko tsohuwar leda, har kaya su cinye gado da madafa. Kai kuwa ka san adadin naka, ka san tarihinsu, kana jera su, kana gyara su. Tsakaninka da wancan akwai nisa. Zaman tsakar daren nan dai ka rage shi, domin barcinka da haƙƙin iyalinka.

Abin da kake yi tsohuwar sha'awa ce, kuma ta manya. A kabarin wani hakimi mai suna Mesehti a Asyut ta Masar an tono sojojin katako, 40 masu masu, 40 'yan baka na Nuba, shekarunsu wajen 4,000, suna nan a gidan tarihi na Alƙahira. Naka na dalma, in masu ramin ciki ne, asalinsu Landan, inda William Britain ya fito da dabarar zubin da ke barin cikin soja fanko a 1893, tsawon kowane ɗaya milimita 54. Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Birtaniya tun 1935 take, kuma dattawa ne a cikinta. Attajirin nan na Amurka Malcolm Forbes ya cika wani gidan sarauta a Tanja ta Maroko da sojojin wasa fiye da 100,000. A Kulmbach ta Jamus akwai gidan tarihi guda da aka ware wa na kuza. To amma ba na so ka dogara da Turawa wajen kare kanka, don a ƙofar gida muna da hujja. Dattijo yakan tashi da asuba ya hau soro wurin tantabarunsa, ya san kowace da sunanta. Wani albashinsa rabi a cikin doki yake ƙarewa saboda hawan salla na kwana biyu. Wani ƙato da gemu yakan ƙi cin abinci don an ci ƙungiyarsa a Landan. Ba wanda ya ce a kai su ruƙiyya, saboda ido ya saba da su. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ɓoyewar nan ita ce ke ƙara maka nauyi. Abin da aka ɓoye shi ake zargi. Ka samo kabad mai gilashi da makulli, ka jera su a ɗakinka, ka ajiye hoton kakanka a gefe in akwai. Duk wanda ya tambaya ka ba shi amsa gajera ba tare da kame-kame ba: waɗannan kayan sojan rundunar Afirka ta Yamma ne, jar dara da jar falmaran da gajeren wandon kaki, kakana yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa Boma a runduna ta 81 ko ta 82. Yawancin masu dariya ba su taɓa sanin cewa da Hausa ake ba da umarni a barikokin wannan runduna ba. Mai son ji zai zauna. Wanda tsokana ta kawo shi, ka yi murmushi ka ba shi shayi, bakinsa zai gaji. Wadda ta cancanci zama na musamman ita ce maiɗakinka. Shirunta magana ce. Ka tambaye ta abin da ya fi damunta, ko kuɗin, ko lokacin, ko bakin 'yan uwanta, ka faɗa mata nawa kake kashewa, ku yanke iyaka tare. Surukarka kuma ba a yi mata gardama, a gaishe ta da ladabi, a bar 'yarta ta yi mata bayani.

Akwai suka ɗaya da ba tsokana ba ce, wato hukuncin ajiye mutum-mutumi. Malaman Malikiyya sun tsananta a kan surar mai rai cikakkiya mai inuwa, sun kuma yi rangwame a 'yan tsanan yara mata saboda hadisin Nana A'isha. Wannan magana ce ta fiƙihu, ka kai ta gaban malamin da ka yarda da iliminsa, ka nuna masa abin da idonsa, ka bi abin da ya warware maka. Kada ka bari a cakuɗa ta da zancen aljanu.

Yanzu bari in zo kan abin da ya hana ni sukuni tun da na karanta wasiƙarka, wanda kai ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba. Gidanku duka an bar jaki ana dukan taiki. Ana neman aljani a kanka, alhali guba tana tsakar gida inda 'yar autarka take wasa.

Madara ba ta kashe gubar dalma. Ina so ka sake karanta wannan. Kusan kullum sai na ji wannan magana, daga mai gyaran batir, daga mai fentin mota, daga mai walda, daga mai narka ƙarfe a bayan kasuwa. Kowa da gwangwanin madararsa, ya kurɓa ya ce ya wanke ƙirji. Wa ya faɗa muku? Asalinta tsohuwar al'ada ce ta masana'antun Turai, inda ake raba wa leburorin dalma madara, aka daɗe da gane cewa ba ta kare kowa, mu kuma muka gaje ta muka riƙe kamar karatu. Gaskiyar da ke ciki ɗan kaɗan ce: cikin da ba abinci ya fi zuƙar dalma, haka ma jikin da ke da ƙarancin sinadarin ƙarfe ko na ƙashi. Shi ke nan. Hayaƙin da ka shaƙa huhu yake shiga, daga huhu sai jini, madarar kuma ciki ta nufa, ko hanya ba su haɗa ba. Dalmar da ta shiga jini takan ɗauki kamar wata guda kafin rabinta ya ragu, wadda ta sauka a ƙashi kuwa shekaru gommai take yi. Manja ma haka, tsamiya haka, zuma da habbatus sauda haka, gawayin da ake sayarwa a kemis ma ba ya kama dalma. Masu yawo da lasifika suna tallar maganin wankin jini mai fitar da kowace irin guba, da a ce ina da iko da na hana su bin layi ɗaya a garin nan. Illar madarar ba a cikin shanta take ba, tana cikin kwanciyar hankalin da take ba ka har ka koma gaban murhu gobe.

Dubi abin da kake yi daki-daki. Ka fasa batir, ruwan asid ya zuba a ƙasa, garin da ke manne da farantan ciki ya watse, shi kansa dalma ne. Dalma tana narkewa a digiri 327, wutar gawayi da ake fifitawa ta wuce haka nesa, sai tururi ya tashi. Ka kwashe dattin da ke tasowa a saman narkakken ka zubar a gefe, ya bushe ya zama ƙura. Ka goge sojan da zarto ko samfefa, wata ƙurar. Gari ya waye a share tsakar gida da tsintsiya, a tayar da ita sama, ta sauka a kan shanyar hatsi da kwanukan abinci da tabarma. Yarinya 'yar ƙasa da shekara biyu komai baki take kai wa, kuma hanjin yaro yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa.

Mu 'yan Arewa bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, saboda ana daka duwatsun zinare masu dalma ana shanya su a cikin gidaje. Da farko an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, ana ta ba da magani yara suna jijjiga suna tafiya, sai da aka gwada jini. Bagega kuwa, ita ma a Zamfara, sai da ta jira har 2013 kafin a saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, yara suna wasa a cikin guba takardu suna yawo daga ofis zuwa ofis. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Wanda ya fi kama da naka shi ne na Thiaroye a gefen Dakar ta Senegal, inda yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008, sanadin fasa tsofaffin batura a unguwa. Iyayensu ba mugaye ba ne, ba su sani ba ne.

Kada kuma ka ce ai yarinyar lafiyarta ƙalau, tana ci tana wasa. Mafi yawan yaran da dalma ta shiga jikinsu ba sa nuna komai. A hankali take cin basira, sai an kai yaro makaranta a ga ba ya riƙe karatu, a ce daƙiƙi ne, a yi ta dukansa. Abin da ta ɓata a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. In ta yi yawa sai ƙarancin jini, ciwon ciki, amai, rigima, sannan jijjiga da suma. A nan ne gwanayen aljanu suke samun kasuwa: a tofa, a turara, a shafa kwalli, wanda shi ma sau da yawa dutsen dalma ne, sai an makara a kawo mana. Babba kuma takan ba shi hawan jini, ciwon ƙoda, murɗar ciki da taurin bayan gida, saurin fushi, mantuwa, da raunin haihuwa. Mace mai ciki ko mai shayarwa, dalmar da ke ƙashinta takan fito ta isa ga jariri.

Don haka daga yau ka kashe wannan murhu. Tukunya da ludayi da gwangwanin da ka yi aiki da su kada su sake kusantar abinci, ka ƙulle su a leda mai kauri ka fitar da su, ragowar batir ka mayar wa dillalan da ke saye. Wurin da kake zubin, in ƙasa ce, a yayyafa ruwa a kankare samanta a kai nesa da gida da rijiya, a zuba sabuwa ko a dafe da siminti. In siminti ne a wanke da ruwa da omo, ban da sharar tsintsiya a bushe. Kayan da kake sawa a wanke su daban.

Tsofaffin sojojinka ba sai ka zubar ba. Kamfanin Britains na William Britain kansa ya daina yin na dalma a 1966 saboda lafiyar yara, amma manya suna ajiye su har yau cikin gilashi. Ka wanke hannu duk sanda ka taɓa su, kada ka ci ko ka sha a wurin, kada ka lashi bakin burushi don ya yi tsini kamar yadda masu fenti suke yi. In ka ga wani ya fara fitar da farin gari, danshi ne da tururin katako ko kwali suke cin sa, ka ware shi a roba mai murfi, kada ka kankare shi. Sababbi kuma ka nemi na roba, sun fi araha, suna karɓar fenti da kyau, ko na kuzar da aka rubuta ba dalma a cikinta.

Cikin makon nan ka ɗauki yaran huɗu da mahaifiyarsu da kai kanka ku je asibitin koyarwa ko babban ɗakin gwaji. Ka buɗe baki ka ce gwajin dalma a jini kuke so, ka faɗa wa likita kana narka batir a gida da tsawon lokacin da ka yi kana yi, in ba haka ba gwajin maleriya za a yi muku a sallame ku. Daga maikurogiram 5 na dalma a kowace desilita ta jini ake fara bin sawun inda gubar ta fito, a yaro kuma in ta kai 45 ake maganar magungunan da ke janyo ta, waɗanda a hannun likita kaɗai ake shan su, bayan an tsabtace gidan da zai koma. Fara da 'yar autar. In sakamakon ya fito ka turo mini lambobin kamar yadda aka rubuta su.